Taron Mutum Ɗaya: Sharhi Kan Masu Neman Abin Bauta Cikin Karta

Duk mai wayar salula da ke jin Faransanci ko Ingilishi, da wuya a ce bai taɓa cin karo da su ba a TikTok ko YouTube: hannuwa biyu sun sha zobba, kyandir na ci, an baje katuna masu zane bisa tebur, wata murya mai sanyi na cewa ka zaɓi guda. Galibi zancen soyayya ne da kuɗi, wane zai dawo ko ba zai dawo ba, aiki zai samu bana ko sai baɗi. Wannan duba ne, mun san shi tun ba a ƙera salula ba. Amma sana'ar tana da wani reshe da ya fi sauran ban mamaki, shi nake so mu tsaya a kai cikin wannan fitowa. Mutum ne zai zauna shi kaɗai cikin ɗakinsa a Landan ko Liyon ko Kalifoniya, ya gauraya karta, ya ja kati uku, wai don ya gano wane ne ke nemansa daga cikin allolin mutanen dā: na Girkawa ne, na Misirawa, na mutanen arewacin Turai, ko kuwa na Yarbawa.

Sunan kartar ana rubuta shi da harafin t a ƙarshe amma Faransawa ba su faɗinsa, sai su ce taro, daidai da kalmarmu ta Hausa. Dacen ya yi kyau, don kuwa wannan taro ne na mutum ɗaya. Shi ne mai tambaya, shi ne mai duba, shi ne shaida, shi ne kuma alƙalin da zai ce amsa ta yi daidai.

Na san wani zai ce: "Mu mi ya haɗa mu da wannan? Shirka ce, a rufe kaye a wuce." Hukuncin addini a fili yake, kuma za mu zo kansa. Sai dai wanda ya san abu haramun ne amma bai san ta inda yake kama hankali ba, gobe za a canza wa abin riga a sake sayar masa. Saboda haka mu buɗe cikinsa mu gani.

Yadda ake yi

Kartar taro kati 78 ce. Daga ciki 56 sun yi kama da kartar da ake bugawa a fada: gida huɗu, kofuna da takubba da sanduna da tsabar kuɗi, kowane gida kati 14. Sauran 22 su ne manya, kowane da sunansa da hotonsa. Akwai Wawa, Mai Sihiri, Sarauniya, Sarki, Masoya, Ratayayye, Mutuwa, Shaiɗan, Hasumiya, Tauraruwa, Wata, Rana, har zuwa Duniya.

Masu koyar da neman abin bauta sukan ce ka kunna kyandir ko turare, ka natsu, ka tambayi karta wa ke son kusantarka. Tsarin ya bambanta daga mai koyarwa zuwa wani, amma zubin ɗaya ne: kati guda ya faɗi halin abin bautar, wani ya faɗi daga wace al'umma ya fito, wani kuma abin da yake so gare ka. Sai ka ɗauko jadawali, daga littafi ko daga ɗan takardar da ke cikin kwalin kartar, ka duba wane kati ne na wane. In Wata ya fito, a ce Hekat ce ta Girkawa. In Mai Sihiri ne, a ce Hamis ne manzon allolinsu, ko Tot na Misirawa. In Ratayayye ne, a ce Odin ne. Daga nan sai a ce ka jira alama cikin ƴan kwanaki, mafarki ko tsuntsu ko wani suna da ya yi ta faɗo maka a kunne. In alama ta zo, ka gyara lungu cikin ɗakinka, ka aje hoto da kyandir da ɗan zuma ko furanni.

A lura da kalmar da suke amfani da ita. Da yawansu ba su cewa za su bauta wa wane. Cewa suke za su yi aiki tare da shi, kamar yadda ɗan kasuwa ke faɗa game da abokin hulɗarsa. Ku riƙe wannan, za ta yi mana amfani nan gaba.

Daga teburin wasa zuwa ɗakin tsafi

Duk ƙarfin abin ya dogara ga zaton cewa kartar tsohuwar hikima ce da ta gangaro daga wani zamani mai tsarki. Tarihi kuwa wani abu ya nuna.

Karta ta shiga Turai wajen shekarun 1370, kuma mafi yawan masu bincike sun tafi a kan cewa daga Masar ta zamanin Mamluk ta fito. Har yau akwai irin waccan kartar ajiye a gidan tarihi na Topkapi a Santambul, da gidajenta huɗu: kofuna, takubba, tsabar kuɗi da sandunan wasan ƙwallon dawaki. Wajen 1440, a fadojin arewacin Italiya irin su Milan da Ferara, aka ƙara mata manyan katunan nan masu hoto don su riƙa cinye sauran a cikin wasa. Aikinsu kenan. Hotunan kuwa abin da kowane Ba'italiye na lokacin ya saba gani ne a bangon coci da jerin gwanon biki: Fafaroma, sarki, mutuwa da laujenta, ranar hisabi. Sama da shekara ɗari uku wasa ake da ita, kuma har gobe ana yi. A Faransa akwai hukumar ƙasa ta masu wasan taro tun 1973, suna gasa kamar yadda ake gasar dara.

A 1781 ne wani fasto mai suna Antoine Court de Gébelin ya rubuta cewa ya tarar da ana wasan a wani gida a Paris, yana kallo nan take ya gane wannan ragowar littafin limaman Fir'auna ne, littafin Tot. Hujjarsa ita ce ya ga haka. A lokacin ba wani mahaluƙi a duniya da ke iya karanta rubutun Misirawan dā. Sai a 1822 Champollion ya warware shi, shekara 41 bayan maganar faston, kuma da aka karanta ba a samu taro a ciki ba. Abin dariyar shi ne kartar tana da dangantaka da Masar da gaske, amma Alƙahirar Musulmi ce, ba ta Fir'auna ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji Hausawa, amma wannan ta samu masu yi mata gini. Wani Jean-Baptiste Alliette ya juya sunansa ta baya ya zama Etteilla, ya mai da duba da karta sana'a, ya buga tasa kartar ta musamman don duba. Tsakanin 1854 da 1856 Éliphas Lévi ya haɗa manyan katuna 22 da haruffan Ibrananci 22, don kawai lissafin ya zo ɗaya. A 1888 aka kafa wata ƙungiyar asiri a Landan mai suna Golden Dawn, ta ƙara ɗaura wa galibin katunan tauraro ko buruji. Daga cikin mutanenta ne Arthur Edward Waite da mai zane Pamela Colman Smith suka fitar da kartar 1909, wadda ita ce aka fi gani yau a bidiyoyin nan. Masanin falsafa na Okasfod, Michael Dummett, ya bi diddigin wannan tarihi cikin wani ƙaton littafi a 1980, ya nuna cewa batun asiri daga baya aka liƙa shi.

Wa ya rubuta jadawalin?

To, in kartar ba daga limaman Fir'auna ta zo ba, wa ya ce kati kaza na abin bauta kaza ne? Mutane ne, kuma ba su ma daidaita tsakaninsu ba.

Ɗauki Ratayayye. Wasu sun ce Odin ne, don a tatsuniyar mutanen arewacin Turai ya rataye kansa bisa itace kwana tara yana neman ilimi. Amma a kartar da Juliet Sharman-Burke da Liz Greene suka fitar a 1986, wadda aka gina kan tatsuniyoyin Girkawa, Ratayayye Purometiyus ne, wanda ya sato wa mutane wuta. Kenan wanda zai "kira" ka ya danganta ga kwalin da ka saya a kanti. Ɗauki Sarauniya: a wani jadawali Afrodit ce, a wani Demeta, a wani Isis, a wani Oshun. Kati ɗaya, nahiya biyu, alloli huɗu waɗanda masu bauta musu na asali ba za su taɓa yarda abu ɗaya ne ba.

Ko lambar katunan ma hannun mutum ya taɓa ta. A tsohuwar kartar Marsai, Adalci shi ne na 8, Ƙarfi na 11. Waite ya musanya su don su dace da jerin burujai na ƙungiyarsu. Akwai kuma wata karta da ta yaɗu a gabashin Faransa da Suwizalan a ƙarni na 18, inda aka cire Fafaroma da takwararsa mace aka sa Jupita da Juno, allolin Rumawa, don kauce wa rigimar coci. Ka ga alloli sun shiga karta saboda lissafin masu ɗab'i.

Dubi kati na 2 na kartar 1909 da kyau, wanda a tsohuwar karta ake kira Fafaroma mace, Waite ya mai da ita babbar limamiya. Tana zaune tsakanin ginshiƙai biyu masu haruffan B da J, sunayen ginshiƙan haikalin Annabi Sulaimanu a littafin Yahudawa. A cinyarta naɗaɗɗiyar takarda ce mai sunan Attaura. A ƙirjinta gicciye. A kanta kambi irin na Isis. A ƙafarta jinjirin wata. An yi hoton ne da gangan don kowa ya ga nasa a ciki. A matsayin zane, wannan gwaninta ce. A matsayin na'urar gano wanda ke kiranka kuwa, aibi ne babba, don hoton da ke nuna kowa ba ya nuna kowa.

Kartar da ba ta san "babu" ba

Nan ne zuciyar magana. Likita in ya auna jininka don zazzaɓin cizon sauro, awon yana iya cewa akwai, yana iya cewa babu. Wannan "babu" ɗin ita ce ta ba "akwai" daraja. To a cikin kati 78, wanne ne ke cewa ba mai nemanka, je ka kwanta? Babu shi. Akwai hanya 76,076 da kati uku za su iya fitowa daga cikin 78, kuma kowace ɗaya tana da fassarar da za ta kai ka ga wani suna. An riga an saka amsar cikin tambayar: wanda ya ce "wa ke kirana?" ya gama yarda ana kiransa.

In kati mara daɗi ya fito ma an tanadi mafita. Mutuwa, a ce ai canji take nufi. Hasumiyar da aradu ta faɗa wa, a ce ƴanci ne daga tsohon hali. Shaiɗan, a ce ka rungumi ɓangarenka na duhu. In duk da haka zuciya ba ta kwanta ba, sai a ja wani kati wai na ƙarin bayani, in bai isa ba a ƙara wani. Yo wa zai faɗi jarrabawar da shi ke gyara takardarsa, kuma yana da izinin sake rubutawa har sai ya ci?

Mi ya sa mutum ke jin abin ya dace da shi ƙwarai? A 1948 wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwaji. Ya ce zai ba kowa bayanin halinsa na musamman, sai ya ba su duka takarda iri ɗaya, jimloli ne da ya tsinto daga littafin taurari na bakin titi, irin su kana son a yaba maka, kana da baiwar da ba ka yi amfani da ita ba, wani lokaci kana shakkar shawarar da ka yanke. Ya ce su ba bayanin maki daga 0 zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Kowa ya ga kansa, don kowa ya cike giɓin da labarin rayuwarsa. Haka kati ke aiki: shi ya kawo hoto, kai ka kawo ma'ana, sannan ka gode masa.

Batun jiran alama ma haka ne. Ranar da ka sayi jan babur, ranar za ka ga kamar duk kabu-kabun gari jajaye ne. Dā ma suna nan, idonka ne bai ƙirga su ba. Wanda aka ce wa Odin ne, kuma ya karanta cewa Odin yana da hankaki biyu, ba zai kai magariba bai ga hankaka ba.

Wa ke zaɓen wani?

Tambayar wane iska ko wane abin bauta ke tare da wane ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu, kuma a nan ne kwatance zai yi amfani. Ba kiran kowa nake zuwa ga bori ba. Ina so ne mu ga bambancin tsari.

A bori, kamar yadda aka san shi a Maraɗi da Tibiri da Dogon Dutse, kuma kamar yadda Jacqueline Nicolas ta rubuta a 1972 da Adeline Masquelier a 2001, mutum ba ya tashi da safe ya ce bari in samo wa kaina iska. Ciwo ne ke kwantar da shi, a yi magani a gaji, sannan dangi su kai shi wurin manyan bori. Su ne za su ce wane ne ya kama shi. A yi girka ta kwana da kwanaki, da kashe kuɗi, da masu goge, a gaban jama'a. Kowane iska da taken kiɗansa da kirarinsa da tufafinsa da irin dabbar da yake so. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ɓarnar dukiya, Malam Alhaji tsohon malami, Doguwa kuwa tsoronta ake. Sunan da ake ba mutumin ya isa bayani: doki, ko goɗiya in mace ce. Hawansa ake. Bai zaɓa ba, ba ya kuma iya ajiyewa ranar da ya gaji.

Wurin Yarbawa ma, Ifa yana da babi 256, kowane da baitoci masu yawa da babalawo ke shekaru yana haddacewa. UNESCO ta sa shi cikin gadon ɗan Adam a 2005. Bayin da aka kwasa zuwa Kuba sun tafi da wannan ilimi, suka ɓoye Oshun da Shango bayan waliyyan Katolika don su tsira da shi. Har yau a can, in ana so a san wane ne mai kan mutum, limamai ne ke zama su yanke, kuma amsar takan zo da hani: kada ka ci kaza, kada ka sa kaza, har ƙarshen ranka. Yau ga Oshun an buga ta bisa kati ana sayarwa a kantunan Amurka da Turai, wanda bai taɓa jin sunan Oshogbo ba ya jawo ta da daddare ya ce ta zaɓe shi. An ɗauki sunan da hoton, an bar harshen da jama'ar da nauyin. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu mu koma ga kalmar nan ta yin aiki tare. A duk inda ɗan Adam ya yi bauta, daidai ko kuskure, abin bautar ne a sama, yana umurni yana hani. A taron mutum ɗaya an kife ƙwaryar. Mai nema ne a sama. In Hekat ba ta biya bukata ba bayan wata uku, a sake gauraya karta a gwada Isis. Wannan tsarin kasuwa ne, inda mai saye ba ya laifi.

Abin da addini ya ce

Larabawan jahiliyya suna da kibau na duba da ake kira azlam, ana jan su a gaban gumaka irin su Hubal a cikin Ka'aba. Alƙur'ani ya hana su a Suratul Ma'ida, aya ta 3 da ta 90, ya jera su tare da giya da caca da gumaka. Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kan wanda ya je wurin ɗan duba, cewa ba a karɓar sallarsa kwana arba'in, duk ɗan makarantar allo ya ji shi. Neman wani abin bauta kuwa ba sai an tsaya dogon bayani ba.

Amma ku lura da wani abu. Kiban jahiliyya ma suna da mai cewa aikata, da mai cewa bari. Ana ba da labarin mawaƙin nan Imru'ul Ƙaisi, da ya je wurin gunkin Zul-Khalasa yana neman izinin ɗaukar fansar ubansa. Sau uku kibiyar hani na fitowa, sai ya kakkarya kiban ya watsa wa gunkin a fuska. Halin ɗan Adam kenan: yana zuwa duba ne don a sa wa abin da ya riga ya ƙudura hannu. Kartar taro ta zamani ta sauƙaƙa masa, ta cire kibiyar hanin gaba ɗaya. Istihara kuwa, wadda Musulunci ya ba mu a madadin wannan duka, ba ta buɗe gaibu. A cikinta mutum yana roƙon a juyar da shi daga abin da yake so in ba alheri ba ne. Da bakinsa yake neman a ce masa a'a.

A ba kowa haƙƙinsa

Sharhin da ba ya ganin kyau ba sharhi ba ne, zagi ne. Zanen Pamela Colman Smith aiki ne na gwana. Ita ta sa wa galibin ƙananan katuna 56 hotunan mutane cikin hali, ta yadda ko wanda bai karanta komi ba zai ji wani abu. Dubi biyar na kuɗi: matalauta biyu cikin ƙanƙara, ɗaya da sandunan gurgu, suna wucewa ƙarƙashin tagar coci mai haske. Dubi uku na takubba: zuciya da takobi uku a soke, ruwa na zuba. An daɗe ana kiran kartar da sunan Waite da na kamfanin ɗab'in, ita kuwa ta rasu a 1951 ba ta da komi. Marubucin Italiya Italo Calvino ya ga amfanin katunan na gaskiya. A littafinsa na 1973, matafiya ne suka rasa bakin magana, kowa yana ba da labarinsa ta jera katuna. Mu masu koyon rubutu muna iya ɗaukar darasi a nan: hoto mai ƙarfi yana jawo labari daga cikin mai kallo.

Ƙishirwar masu neman ma ta gaske ce. A ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, a karo na farko masu cewa su Kirista ne sun gaza rabi, kashi 46.2 cikin ɗari, masu cewa ba su da addini kuwa sun kai 37.2. Mutum 74,000 sun rubuta cewa su masu bin addinin gargajiyar Turai ne. Mutum ya bar cocin kakanninsa, ba dangi kusa, ba fada, ba wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa in bai fito ba kwana biyu. Yana so a ce wani ya san da shi, wani ya kira sunansa. Wannan ba abin dariya ba ne. Matsalar ita ce maganin da aka sayar masa yana mai da shi cikin ɗakin da ya gudo, da madubi a hannu.

Laifi tudu ne

Kafin mu gama yi wa Anasara dariya, mu dubi tudun da muke takawa. In lokacin BEPC ko BAC ya gabato, su wa ke cika zauren mai bugun ƙasa? Shi ma yana da gidajensa 16 da yake zanawa bisa rairayi, shi ma da wuya ka ji ya ce wa mai tambaya ba komi, je ka yi karatu. Kullum akwai wani abu: akwai hannu a cikin lamarinka, akwai wata doguwa baƙa cikin danginku da ba ta son ci gabanka. Wane dangi ne ba shi da doguwa baƙa? Gwajin Forer kenan da Hausa. Namu ma ya fi nasu ɓarna ta wani gefen, don mai karta a Landan kyandir kawai ya yi hasara, mu kuwa jikkunan da aka tara da guminmu ne ke tafiya, sannan a koma gida ana harar goggo ko kishiyar uwa, zumuncin shekara talatin ya mutu kan maganar da za ta dace da kowa.

Akwai kuma wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Nawa ne daga cikinmu ke zaɓen malami a salula kamar yadda waɗancan ke zaɓen abin bauta? A saurari wannan, in fatawarsa ta yi tsauri a goga yatsa a wuce, har a iske wanda ya faɗi abin da rai ke so, sai a ce wannan shi ne malamina. Haka muke yi da labaran siyasa, haka muke yi da abokan shawara. Ba karta a hannunmu, amma jan katin ƙarin bayani ne muke ta yi. Ma'aunin da muka auna kartar taro da shi ya kamata mu auna duk wanda muke jin maganarsa: yaushe rabon da ya faɗa mini abin da ban so ba, kuma na zauna na ji?

Ga shawara ga ƴan ƙungiya, ba ta cin ko dala. Ku rubuta jimla goma na hali, irin waɗanda za su hau kan kowa. Ku yi fotokopi goma, ku ba abokai goma a fada, kowa a keɓe, ku ce wani masani ne ya duba musu daga sunansu da ranar haihuwa. Kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 5. In an zuba shayi na biyu, ku ce ɗaya ya karanta tasa da ƙarfi, ku dubi fuskokin sauran. Ku kawo mana makin da kuka samu, mu buga a fitowa ta gaba.